Kafin Ka Karɓi Aiki, Auna Shi Tukuna

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu. Wasu daga cikinmu sun kusa fita, kuma ba da daɗewa ba za a fara ce musu ga aiki nan, ga aiki can. Tambayar da kowa kan fara yi ita ce, "Nawa ne albashin?" Ni kuwa a ganina ita ya kamata ta zo ƙarshe.

Mu ɗauka an miƙa wa yaro aiki biyu. Ɗaya a wani babban kanti a Kano, albashi mai tsoka. Ɗaya kuwa nan gida, a gonakin noman rani na wajen Auyo, inda zai riƙa bin malamin gona yana koyon rabon ruwa da kula da iri, amma albashin kaɗan. Kafin ya amsa, akwai abubuwa uku da ya kamata ya auna.

Na farko, darajar kuɗi ba ta zama wuri ɗaya. Ku tambayi dattawa labarin Udoji. A 1974 kwamitinsa ya ba da shawarar ƙarin albashi, gwamnatin Janar Gowon ta biya har da ariyas, amma kafin a ankara kayan kasuwa sun tashi sun cinye ƙarin. Haka a 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, bayan janye tallafin mai a 2023 ya riga ya tsadantar da kome. Sa'an nan wanda ya tafi Kano sai ya cire kuɗin haya da na mota da na abinci, abin da ya rage shi ne albashinsa na gaskiya.

Na biyu, shin aikin zai ɗore? Malam Madori ta bunƙasa ne da cinikin gyaɗa da jirgin ƙasa mai zuwa Nguru. Da aka yi farin 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, sai dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, akawuna da masu awo suka rasa abin yi. Daga baya kuma masaƙun Kano da Kaduna da yawa suka rufe. Waɗanda suka fi saurin farfaɗowa su ne masu sana'a a hannu, watau makanikai da masu gyaran lantarki, domin sana'a ba a rufe mata ƙofa.

Na uku, wanda ya fi duka, me aikin zai koya maka? Dubi kogin nan namu. An gina madatsar Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, aka gama madatsar Challawa a 1992. Tun daga nan tafiyar ruwa ta sake, kachala ta toshe hanyoyinsa, ga ambaliya irin ta 2022 da ta cinye gonaki. Muddin ana noman shinkafa da alkama da tattasai a fadamun nan, ana kamun kifi, lalle za a nemi wanda ya san ruwa da ƙasa. Yaron da ya fara daga ƙasa yana iya ƙaro ilmi a Kwalejin Binyaminu Usman nan Haɗejiya, ko Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ya dawo da girma.

Ban ce aikin Kano ba shi da kyau ba. In maigidan zai koya maka ciniki da riƙon lissafi har wata rana ka tsaya da ƙafarka, to, shi ma makaranta ne. Abin dai shi ne ka yi tambaya. Za a ba ka takardar ɗaukar aiki? Akwai fansho? Ana ba da hutun ƙaro karatu? Waɗanda suka shekara biyar a wurin, ina suke yau?

Iyayenmu kuma muna roƙonku haƙuri. Mun san akwai gidan da ba ya iya jira, sai an kawo na cefane yau. Amma inda da hali, kada a tura yaro ga albashin wata ɗaya a hana shi na shekara talatin. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, amin.