Iskar Taya da Cinyewar Roba a Motocin Tsere

A tseren Formula 1 da aka yi a Silverstone ta ƙasar Ingila a shekarar 2013, tayar baya ta hagu ta fashe wa motoci huɗu suna tsakiyar gudu, ciki har da motar Lewis Hamilton. Kamfanin Pirelli, wanda ya ƙera tayoyin, ya ambaci ƙarancin iska cikin dalilan da suka haddasa haka.

To, me ya haɗa iska da lafiyar roba? Iskar da ke cikin taya ita ke ɗauke da nauyin mota, ita ce kuma ke daidaita yadda fuskar tayar za ta zauna a kan kwalta. Idan ta yi yawa, tsakiyar taya kan kumbura, sai ta riga gefuna cinyewa. In kuwa ta yi kaɗan, nauyi kan koma kan gefuna biyu, su ne za su fara goguwa. Bugu da ƙari, bangon tayar kan yi ta lanƙwashewa a kowane juyi, zafi ya taru, har roba ta saki zaren da ke riƙe da ita.

Sannan akwai wata ƙa'ida ta kimiyya: iskar da aka kulle, idan ta ɗumama, matsinta kan ƙaru. Saboda haka injiniyoyin tsere kan auna zafin taya a wuri uku, wato tsakiya da gefuna biyu, don su gane inda roba ta fi shan wahala. Wannan ƙa'idar ce ma ta sa ake auna iskar kowace irin mota tun tayoyinta suna da sanyi.