Daga sikelin Argungu zuwa tsohon Girkanci: labarin kalmar “kilo”

Duk wanda ya taɓa kallon gasar kamun kifi ta Argungu ya san ba a cikin ruwan Matan Fada ake yanke hukunci ba. Bayan masunta sun fito da homa da gora, sai a ɗora giwan ruwa bisa sikeli, a faɗi nauyinsa da kilo. Bambancin kilo ɗaya kan raba na farko da na biyu. To, ka taɓa tambayar kanka daga ina wannan “kilo” ta fito?

Asalinta kalmar Girkanci ce, “kiliyoi”, ma’ana dubu. A 1795 Faransawa suka gutsure ta yayin da suke kafa sabon tsarin awo, suka maƙala ta a gaban giram da mita. Shi ya sa kilogiram yake giram 1,000, kilomita kuma, irin waɗanda ake auna hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da su, mita 1,000.

Amma tun kafin Faransawa, kalmar ta daɗe tana aiki. Da Girkanci aka rubuta Sabon Alkawari, kashi na biyu na Littafi Mai Tsarki na Kirista, kuma “kiliyoi” da danginta sun fito a cikinsa ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce ƙidaya. A labarin ciyar da taron jama’a da gurasa biyar da kifi biyu, an ba da adadin maza 5,000, da kalmar da ke nufin dubu sau biyar.

Ta biyu muƙami ne. “Kiliyarkos” na nufin shugaban dubu, kuma haka ake kiran babban hafsan sojan Roma. Littafin Ayyukan Manzanni ya ambaci wani mai wannan muƙami, Kalaudiyas Lisiyas, wanda ya ceci Bulus daga tarzoma a Urushalima, ya tura shi Kaisariya da rakiyar sojoji. A nan sunan sarauta ne kawai, ba lallai ne dakarunsa su cika dubu cif ba.

Ta uku ce ta fi jawo muhawara. A wasiƙar Bitrus ta biyu, an kwatanta rana ɗaya a wurin Ubangiji da shekara dubu, don a nuna cewa lissafinsa ba irin na ɗan Adam ba ne. A babi na 20 na Wahayin Yahaya kuwa, an ambaci shekara dubu har sau shida a cikin ayoyi shida, daga ta 2 zuwa ta 7. Shin shekaru 1,000 ne daidai, ko wani dogon zamani ake nufi? Malaman ƙarni na biyu irin su Jastin da Ireniyas sun ɗauke ta a zahiri. Agustin, malamin Arewacin Afirka da ya rasu a 430, ya fassara ta a matsayin alama. Har yau malaman Kirista ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba.

Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin “dubu” tamu ma haka take. Idan mai kifi a kasuwa ya ce naira dubu biyar, ba zai karɓi dubu huɗu a madadinta ba. Amma idan kakarka ta aiko da dubun gaisuwa, babu mai zama ya ƙirga. In aka ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, babu wanda ya duba kalanda. Kalma ɗaya ce, wurin da ta zauna ne ke faɗin aikinta.

Nan ne amfanin yake a gare ku ɗalibai. A jarrabawar lissafi ko kimiyya, kilo 1,000 ce, ba ragi ba ƙari, kuma sifili ɗaya da ya kuɓuce kan tafi da makin tambayar duka. Amma idan ka ji a rediyo ko ka gani a Facebook cewa “dubban mutane” sun halarci taro, dakata ka tambaya: an ƙirga su ne, ko dai yawansu ne ya cika wa mai maganar ido? A Matan Fada ma, ’yan kallo kan ce masunta dubbai ne, amma kifin da zai ci kyauta sai an ɗora shi a sikeli.