Kafin Ka Sayi Goɗiya, Duba Hantsarta Da Haƙarƙarinta

Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida. Da yawa daga cikinmu masu fataucin shanu tsakanin Dori, Puytenga, Fada Ngurma da Wagadugu mukan haɗa da doki ɗaya ko biyu in mun samu da araha, don kuwa Wagadugu gari ne na masu son doki. Ai ko sunan Wedraogo da ya cika ƙasar Mosi, ma'anarsa ingarma. To amma fa sanin saniya daban, sanin goɗiya daban.

Abin da ke jawo wa mutum hasara shi ne ya kawo ƙaramar goɗiya gida, ya ɗaure ta a turke nan Dasasgo, bayan 'yan makonni ya ga hantsarta ta kumbura, in an taɓa sai ta kai harbi, sa'an nan ga ƙululai a jikinta. Sau da yawa abin mai sauƙi ne. Goɗiya na ɗaukar ciki wata 11, kuma hantsa kan cika mako 2 zuwa 4 kafin haihuwa. Cizon kaska ko na ƙwari ma yakan tayar da fata ruɗu-ruɗu, ya kwanta da kansa. In kuma gefe guda ne ya yi zafi yana fitar da diwa, ciwon hantsa ne, allurar likita tana maganinsa.

Wanda ya kamata mu ji tsoro shi ne ciwon barbara, wanda Faransawa ke kira durin. Ƙwayarsa 'yar'uwar ƙwayar sammore ce da muka sani a shanu, sai dai ita ba ƙudan tsando ke kawo ta ba. Wajen barbara ake ɗauka, daga ingarma zuwa goɗiya ko daga goɗiya zuwa ingarma. Jaki ma yakan ɗauke ta ba tare da ya nuna alamar komai ba.

Ga yadda yake tafiya. Da farko al'aura, hantsa da ƙasan ciki su kumbura. Daga nan sai wasu ƙululai masu faɗi su fito, galibi a kan haƙarƙari, kamar an cusa kwandala a ƙarƙashin fata, faɗinsu santimita 5 zuwa 8. Ba su yin ruwa, ba su fashewa. Kwana 3 zuwa 7 sai su ɓace, su sake ɓulla a wani wuri. Nan ne mutane ke ruɗuwa, a ce ai ta warke. Ina! Can gaba sai ta rame ko da tana cin dawa da harawa, ƙafafun baya su fara tangaɗi, leɓe ko kunne ya saki. Kusan rabin dawakin da suka kamu mutuwa suke yi.

Wani zai ce, to ba sai a yi mata Berenil ba, yadda muke yi wa shanu? Allurar takan kwantar da kumburin, amma ba ta kai wa ga ƙwayar da ta shige laka da ƙwaƙwalwa. Goɗiyar za ta yi kyau a ido, a kai ta kara, mai saye ya kai ta wa ingarmansa, cutar ta bi gari. Haka ta dawwama a tsaunukan Arsi da Bale na ƙasar Habasha, kuma a 2011 ta sake ɓulla a Italiya. Cuta ce da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta wajabta a kai rahotonta.

In kuwa ƙululan sun jeru kamar carbi a ƙafa, wuya ko ƙirji, suna fashewa da diwa, wannan wata cuta ce daban, mai bin sirdi, majayi da ƙudaje. A ware dabbar, kada a taɓa gyambon da hannu tsirara, don akwai irinsa da ke kama mutum.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka ce wa dillali "na saya", ka sunkuya ka duba hantsa, ka shafa haƙarƙari da tafin hannu, ka sa a zagaya da ita ka ga tafiyar ƙafafun baya. Ka tambaya ko an taɓa yi mata barbara, da wane ingarma. In ka ga alamun nan biyu tare, kumburi da ƙululai, kada ka haɗa ta da namiji, ka kira likitan dabbobi ya ɗebi jini. Akwai ɗakin binciken cututtukan dabbobi na gwamnati a Wagadugu, akwai kuma cibiyar CIRDES a Bobo-Julaso da ta daɗe tana aiki a kan sammore da danginsa.

A kuma tuna, a watan Agusta na 2016 gwamnatin Burkina Faso ta hana fitar da jakuna, dawaki da raƙuma waje. Kada a loda doki cikin motar shanu a nufi iyaka sai an tambayi ofishin dabbobi.

Hasarar goɗiya ɗaya ana mayar da ita a tafiya biyu. Amma wanda aka sani da sayar da dabba mai ciwo, maido da sunansa a kara sai an sha wuya. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.