Yinin Wanda Ba Shi da Aiki a Illela

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi arewa, ya wuce Kware da Gwadabawa, in ya yi tafiyar kilomita 80 da 'yan kai sai ya iske Illela. Nan ƙasar Nijeriya ta ƙare ta wannan fuska. Gaba kaɗan sai Birnin Ƙonni cikin ƙasar Nijar, tsakaninsu bai kai tafiyar da za ta gajiyar da jaki ba. Mutanen garuruwan nan biyu harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, suna auratayya tun kaka da kakanni. Ingilishi da Faransi ne suka raba su bisa yarjejeniyar 1904 da ta 1906, sa'an nan Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi daji suna kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen garin nan shi ne, mu masu karɓar albashi, malaman makaranta da akawuna, in an ce mana rashin aiki, abin da ke faɗo mana a rai shi ne yaro ya gama makaranta, ya yi ta yawo da takardunsa ofis ofis, ba a ɗauke shi ba. To, akwai wannan a Illela kamar ko'ina. Amma akwai wani iri wanda ya fi shi yawa, wanda ba a sallami kowa ba, ba a rufe wani kamfani ba, ba a ba kowa takardar kora ba, sai dai kawai mutane dubbai su wayi gari su ga abin da suke ci da shi ya tsaya. Shi muke so mu bayyana, don wanda ke riƙe da alƙalami ya san abin da yake rubutawa in an ce masa ya ƙidaya marasa aiki.

Babban mai ɗaukar ma'aikata a Illela ba Gwamnati ba ce, ba kuma wani attajiri ba ne. Iyakar nan ce. Kasuwar garin tana ci ran Lahadi, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki sukan gangaro daga ƙasar Adar da wajen Tawa, a loda su a manyan motoci zuwa Kudu. Hatsi da kayan masarufi da kayan kanti sukan haura arewa. Ku duba bakin mutum nawa ke buɗe a bayan sa guda da aka sayar. Akwai mai koro shi, da dillalin da zai ci la'ada, da mai sayar da igiya, da mai harawa, da mai ga-ruwa, da masu lodi, da ɗan kamasho, da direba da yaransa. Akwai ɗan canji da zai juya sefa ta koma naira, da ɗan kabu-kabu da zai kai mai dabba bakin iyaka, da mai shayi, da mai fura, da matar da ke cikin gida ta dafa shinkafa da wake ta aiko 'yarta da ita. Duk waɗannan ba wanda ke da sunansa a littafin albashi. Ran da sa bai zo ba, duka sun zama marasa aiki a lokaci guda.

Tsofaffin garin sun taɓa ganin haka a 1984, sa'ad da Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Amma abin da ya faru daga 2019 ya zo ne a jere, ba a gama jinyar wannan ba sai wancan ya faɗo. Ran 20 ga Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da fitar da man fetur. A watan Nuwamba hukumar kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Illela kuwa a bakin iyakar take, sai mai babur ya koma neman mai a galan da tsada. Sa'an nan annobar korona ta zo a 2020, aka hana tafiya tsakanin jihohi, tattalin arzikin ƙasa ya ja da baya karo na biyu cikin shekara biyar. Sai ran 16 ga Disamba 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, watau Seme da Mfun da Maigatari da Illela.

Shekarar 2023 ta fi duka. Farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, kasuwar dabbobi kuwa kasuwar kuɗi hannu ce, Bafillace ko Buzu da ya koro garkensa daga daji ba ya karɓar alkawarin waya. Ran 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ran 26 ga Yuli soja suka kifar da Gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano da kaya a kansu, mai ruɓewa ya ruɓe. Gwamnati tana da hujjojinta a kowane mataki, ba kuwa nufinmu ne mu yi shari'arsu a nan ba. Abin da ke gabanmu shi ne yadda mutum ke yini a irin wannan hali.

Mutane sukan ce wa rashin aiki zaman kashe wando. Mu dai a ganinmu wanda ya ƙirƙiro kalmar nan bai bi magidanci marar aiki daga asuba zuwa dare ba. Ba mai gajiya irinsa. Da an sallame sallar asuba yakan fita, ko da ba shi da inda za shi, domin zama a gida da safe yana nufin a tambaye shi kuɗin cefane ido da ido. Yakan fara da tasha, ko Allah ya sa mota ta kwana da kayan saukewa. In akwai buhu ashirin, zai iske majiya ƙarfi talatin sun riga shi, ɗan kamasho kuwa nasa zai fara kira. Daga nan sai kasuwa, sai wurin masu gini, sai ƙofar wani mai hali da ya taɓa yi wa aiki, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo wadda su duka biyu sun san ma'anarta. Duk a ƙasa yake wannan yawo, don kuɗin kabu-kabu ya fi ƙarfinsa.

Da hantsi ya yi, sai teburin mai shayi. A nan ne littafin bashin garin yake. Mai shayi ya san wanda zai biya ran Lahadi, ya san wanda ba zai iya ba, yakan kuma zuba wa na biyun rabin kofi ba tare da ya ɗaga kai ya dube shi ba. Amma shi ma da bashi ya ɗauko sukari da madara wurin mai kanti, mai kanti kuma wurin wani a Sakkwato. In bashin ya yi nauyi sai ka ga wata safiya teburin babu kowa, mai shayin ma ya shiga sahun masu yawo.

Da azahar, in rana ta take, sai majalisa, a gindin bedi ko rumfar wani tela. Wanda bai sani ba zai ce hira ce kawai. Alhali kuwa majalisa ita ce ofishin neman aiki na talaka. A nan ake jin wa ke neman masu cirar albasa a fadama, wace mota za ta Legas tana son yaro, nawa jaka ta kwana a wurin 'yan canji. Rediyo na tsakiya, kowa ya kasa kunne ga sashen Hausa, domin abin da aka yanke a Abuja ko Yamai shi zai nuna ko za a ɗora tukunya a makon gobe. Mun sha mamakin yadda ɗan dako wanda bai yi aji ɗaya ba yake bin zancen takunkumi da farashin dala filla filla, fiye da wasunmu masu karanta jarida. Ba abin mamaki ba ne kuwa, tuwonsa ne ake magana.

Cikin gida kuwa, nauyin yakan koma kan mata, ko da yake ba a cika faɗa ba. Ita ce za ta rage awo, tiya ta kwana biyu ta kai uku. Ita ce za ta soya ƙosai ko ta dama fura ta ba yarinya talla, masu saye kuwa su ne mazan nan da ba su da ko sisi. Adashi yakan watse don ba mai zubi. Daga nan sai a shiga sayar da abin ɗaki, yau akuya, gobe kwanonin jere, jibi keken ɗinki, watau ana cin jarin da za a tashi da shi in sauƙi ya zo. Wannan shi ne ɓarnar da ba ta gyaruwa ran da aka buɗe iyaka. Malaman makaranta su ne suka fi kowa ganin alamarta da wuri: yarinyar da ta daina zuwa ran Litinin don ta gaji da tallan Lahadi, yaron da ke gyangyaɗi tun darasi na biyu don bai karya ba. Kafin malam ya ɗauki bulala, ya kamata ya tambayi sana'ar uban.

Samari kuwa hanyoyi uku ke gabansu. Ta farko gona, amma noman damina wata huɗu ne, ga kuma 'yan bindiga da suka addabi gabashin Sakkwato, har gonar da ke nesa da gari ta zama abin tsoro. Ta biyu ci-rani, a tafi Legas ko Fatakwal ko Abuja a yi dako ko gadi ko acaɓa, abin da a da ake yi bayan kaka a dawo da ruwan farko, yanzu wasu sai su shekara ba su leƙo gida ba. Ta uku fito, watau a ɗaura jarkokin mai ko buhun shinkafa a babur a bi ta daji da dare. Laifi ne a doka, akwai kamu, akwai hatsarin wuta, akwai rasa rai. Ba mu yaba shi ba. Amma duk wanda ya rufe ƙofar gari ya bar katanga da gibi, ya san ta inda mayunwaci zai bi, kuma ribar ba ta yaron da ke kan babur ba ce, ta mai kayan ce da ke kwance a gidansa.

Yanzu ga inda zancen ya shafi akawu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta sauya ma'auni ta bi na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, sai adadin farkon shekarar ya fito kashi 4.1. Ba wai aiki ya samu ba ne. A tsohon ma'auni, wanda bai yi aikin sa'a 20 a mako ba marar aiki ne. A sabon, wanda ya yi aikin sa'a ɗaya tak don neman kuɗi cikin kwana bakwai, mai aiki ne. Ashe ke nan mutumin nan da muka bi tun asuba, in ya sami buhu biyar ya sauke ran Lahadi, ya fita daga lissafi. Hukumar ba ta yi ƙarya ba, ta faɗi ma'auninta a fili, tana kuma da wani lissafi dabam na waɗanda aikinsu bai ishe su ba. Amma ita wannan hukuma ce a 2022 ta ce kashi 91 cikin ɗari na mutanen Jihar Sakkwato suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, fiye da kowace jiha. Wanda zai rubuta wa na gaba da shi rahoto a kan gari irin Illela, in ya kawo adadi na farko ya bar na biyu, ya ɓatar da mai karatu ko da bai yi niyya ba. Tambayar da ta dace da irin wannan gari ita ce: kwana nawa ka yi aiki a makon jiya, nawa ka samu, mutum nawa suka ci?

Ran 13 ga Maris 2024 Nijeriya ta buɗe iyakarta da Nijar, ita ma Nijar ta buɗe tata ran 22 ga watan. An yi murna, motoci suka motsa. Sai dai kasuwar da aka komo ba ita aka bari ba. Jaka ɗaya ta sefa, wadda a 2019 ake canzawa wajen naira 600, a 2024 ta kai wajen 2,500. Saboda haka dabbar Nijar ta yi wa ɗan Nijeriya tsada, hatsin Nijeriya kuma ya yi wa mai sefa araha. Bayan wannan, a watan Oktoba 2024 Gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso, a watan Mayu 2025 kuma, gab da Babbar Salla, ta hana fitar da dabbobi, watau daidai lokacin da dillalin Illela ke samun abin da zai ci rabin shekara.

A cikin watan Oktoba 2024 ɗin ne aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da aka tsara za ta tashi daga Illela ta bi ta Sakkwato da Kabi har Badagry a bakin teku, tsawon kilomita 1,068. Zancenta ya daɗe a majalisu. Abin da samari ke tambaya a kanta kaɗan ne: leburori nawa za a ɗauka, daga ina za a ɗauko su, kuma wa ke riƙe da takardar sunaye.