HAMPI: BIRNIN HAIKALI A BAKIN KOGIN TUNGABHADRA

A darasin tarihi mun saba jin labarin Roma da Masar da Babila, amma ba safai akan ambaci Vijayanagara ba, ko da yake wajen shekara ta 1500 yana cikin manyan biranen duniya. Masana tarihi suna ƙiyasin cewa mazaunansa a lokacin sun kai dubu 500. Abin da ya rage yau shi ne wani ɗan ƙauye mai suna Hampi, a jihar Karnataka ta kudancin Indiya, da tsofaffin gine-gine sama da 1,600 a warwatse a gaɓar Kogin Tungabhadra. A shekara ta 1986 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya. A wannan shafi muna so mu bi hanyar da masu yawon buɗe ido suke bi, mu ga abin da ke can, mu kuma yi tunani a kan yadda ya kamata mai bin Almasihu ya kama kansa a wurin sujadar waɗansu.

Hanyar Zuwa

Daga Bengaluru, babban birnin jihar, tafiyar dare guda ce a jirgin ƙasa zuwa garin Hosapete. Daga nan sauran kilomita 13, a bas ko a babur mai ƙafa uku. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gama daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40, duwatsu kuwa su ɗauki zafi har tafin ƙafa ba ya iya jurewa. Da damina kuma, idan aka saki ruwa daga madatsar Tungabhadra wadda aka gama a 1953, kogin yakan cika har ya rufe waɗansu gine-ginen da ke bakinsa.

Da isarmu, abin da zai fara kama idonmu shi ne duwatsu, manya-manya, wani bisa wani, kamar an jera su da hannu. A tsakaninsu akwai gonakin ayaba da shinkafa. Da waɗannan duwatsu aka gina birnin, har yanzu ma ana ganin layin ƙananan ramuka da magina suka fafe a jikinsu domin su tsaga su.

Yadda Birnin Ya Kafu

Waɗansu 'yan'uwa biyu, Harihara da Bukka, su suka kafa daular a 1336. Sun zaɓi wurin domin kogi ya kare shi ta arewa, tuddai kuma ta sauran sassa. Ma'anar sunan Vijayanagara ita ce birnin nasara. A 1443 wani jakada daga Farisa, Abdur Razzaq, ya zo ya ba da labarin ganuwa bakwai da suka kewaye birnin. Wajen 1520 kuma wani ɗan kasuwar Fotugal, Domingo Paes, ya kwatanta girmansa da na Roma. Wannan shi ne zamanin Sarki Krishnadevaraya, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1529, lokacin da ake kawo dawaki daga ƙasar Larabawa da Farisa, ana kuma sayar da lu'ulu'u a kasuwa a fili.

Haikalin Virupaksha

A tsakiyar ƙauyen akwai haikalin Virupaksha, watau ɗaya daga cikin sunayen Shiva, wanda mabiya addinin Hindu suke bauta wa. An fara sujada a wurin tun ƙarni na 7, tun kafin a kafa daular, ana kuma yi har yau. Hasumiyar ƙofarsa ta gabas hawa tara ce, tsawonta wajen mita 50. A gabanta tsohon titin kasuwa ya miƙe fiye da rabin kilomita, da rumfunan dutse dama da hagu. Mutane sun daɗe suna zaune cikin rumfunan suna ciniki, sai a 2011 hukuma ta tashe su domin ta kiyaye kayan tarihin, abin da ya jawo wa iyalai da yawa wahala.

Da sassafe za mu tarar da masu ibada suna wanka a kogi kafin su shiga, mata da furanni a gashinsu, waɗansu da kwakwa da ayaba na baiko. A ƙofa kowa yakan tuɓe takalmi. Ana bukatar tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa, ba a kuma ɗaukar hoton mutum yana addu'a sai da izininsa. A kewayen haikalin ba a sayar da nama ko giya. Abincin da za mu samu shi ne shinkafa da miyar wake da kayan lambu, wani lokaci a kan ganyen ayaba. Sai a kula da birai, gama ba su da kunya wajen fizge abin da ke hannun baƙo.

A nan ne tambaya takan taso wa mai bi. Firist yakan miƙa wa baƙo abincin da aka riga aka keɓe wa gunki, ko ya so ya ɗiga masa jan gari a goshi. Mu mun san wanda muke bauta wa, ba kuwa za mu durƙusa wa wani ba. Amma ana iya ƙi cikin ladabi: mutum ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji, yadda suke gaisuwa, ya yi godiya ya wuce. Dariya da nuni da yatsa da maganar reni ba su da wuri a nan. Mu tuna da Manzo Bulus a Atina, cikin Ayyukan Manzanni sura 17. Ya zaga birnin, ya duba wuraren sujadarsu da kyau, da ya tashi magana kuma ya fara da abin da ya gani a wurinsu. Baƙon da ya shiga da reni ba abin da zai koya, ba kuma wanda zai saurari shaidarsa.

Karusar Dutse

Daga Virupaksha akwai 'yar hanya ta bakin kogi, wajen kilomita 2, zuwa haikalin Vittala. Wanda ya gaji da tafiya yana iya shiga irin jirginsu, mai kama da babban kwando, wanda ake saƙawa da gora a shafe da kwalta. Paes ma ya ga irinsa shekara 500 da suka wuce. A farfajiyar Vittala akwai karusa da aka sassaƙa da dutse, wadda hotonta yake a kan takardar rupi 50 da Indiya ta fitar a 2017. Akwai kuma siraran ginshiƙai masu ba da amo idan an ƙwanƙwasa su, amma an hana taɓa su saboda hannun baƙi ya fara cinye su. Ba a yin sujada a wannan haikali yanzu. Ta kudu kuma akwai unguwar sarakuna, inda za mu ga magudanan ruwa na dutse da ɗakunan giwaye 11 a jere. Fadar kanta da katako aka yi ta, saboda haka harsashinta kaɗai ya rage.

Yadda Birnin Ya Faɗi

Sau da yawa akan ba da labarin faɗuwar birnin kamar yaƙin addini ne kurum tsakanin Hindu da Musulmi. Duwatsun Hampi suna nuna cewa zancen ya fi haka faɗi. Sarakunan Vijayanagara sun ɗauki Musulmi aikin soja, akwai masallaci da kaburburan Musulmi cikin birnin, rufin ɗakunan giwaye ma irin ginin Musulmi ne. Abin da ya faru shi ne, Rama Raya, wanda mulki yake hannunsa, ya daɗe yana haɗa sarakunan Musulmi na arewa faɗa da juna, yau ya goyi bayan wannan, gobe wancan. Da suka gane, sai Bijapur da Ahmadnagar da Golconda da Bidar suka haɗa kai. A watan Janairu 1565 aka gwabza a Talikota, aka kama Rama Raya aka kashe shi. Aka yi watanni ana kwasar ganima ana ƙone birnin, bai kuma sake tashi ba. Ramin mugunta, in ji Hausawa, a gina shi gajere.

Da yamma baƙi sukan hau tudun Matanga su kalli faɗuwar rana. Daga can ana ganin kogi, da gonakin ayaba a wurin da dā gidajen attajirai suke, da hasumiyar Virupaksha inda talakawa suke ci gaba da zuwa ba takalmi. Ginin shekara 229 ya rushe cikin 'yan watanni saboda makirci da fariyar masu mulki. Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu fita a bana, waɗansunku za su riƙe muƙamai, waɗansu za su zauna cikin mutanen da addininsu ya bambanta da namu. Ku riƙe bangaskiyarku, ku girmama maƙwabci, kada kuma ku ci riba da haɗa mutane faɗa. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.