Gyaran gida a hunturu: Ruwan farko ne zai faɗi gaskiyar ɗan kwangila

Da zarar bukukuwan ƙarshen shekara sun wuce, hazo ya lulluɓe Abuja, sai wayar masu gidaje ta fara ƙara. Birkila ne ko kafinta ko mai fenti, yana gaisuwa yana tambayar ko da ɗan aiki. Aljihun jama'a ya yi sanyi, kuɗin makaranta na zango na biyu ya ƙarato, don haka ƙananan ayyukan gyara kan ja baya. Wanda ya yi tanadi yana iya samun ragi a kuɗin aiki, ya kuma samu ma'aikacin da ba ya sauri ya koma wani wurin.

Ga ma'aikatan tarayya da dama, batun ya wuce kwalliya. Gidajen gwamnati da aka sayar wa mazauna cikinsu tun daga 2005, a unguwanni irin su Garki da Wuse da Karu, da yawansu sun haura shekara 30. Kwano ya tsufa, bututun ruwa sun yi tsatsa, wayar lantarki ta gaji. Wasu ma da bashi suke gyaran, kamar rancen gyaran gida da Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke bai wa masu zubi a Asusun Gidaje na Ƙasa. Ko aiki ya yi kyau ko ya lalace, za a ci gaba da cire kuɗin daga albashi.

Abin da hunturu ke ɓoyewa

Hunturu lokaci ne mai kyau na kware rufi, domin babu fargabar ruwa ya riski gida a buɗe. Sai dai wannan rashin ruwan shi ne ke rufa wa aikin banza asiri. Rufin da aka buga a Janairu ba za a san ingancinsa ba sai an yi ruwa mai ƙarfi a Afrilu ko Mayu, lokacin da mai aikin ya daɗe da karɓe kuɗinsa.

Busasshiyar iska kuma tana zuƙe ruwan siminti kafin ya kama. Kankare da filasta suna buƙatar a riƙa jiƙa su aƙalla kwana 7, in ba haka ba sai tsagewa ta biyo baya. Fenti a kan filastar da ba ta gama bushewa ba, ko bangon da ƙura ta hau, ba ya jimawa yake ɓarewa. Saboda haka a tambayi mai neman aikin wa zai kawo ruwan jiƙo, kuma kwana nawa zai jira kafin fenti. Wanda ya yi alƙawarin gama komai cikin mako guda ya riga ya ba da amsa.

Gani ya kori ji

Hotunan WhatsApp ba shaida ba ne, domin kowa na iya ɗaukar gidan da ba shi ya gyara ba. A nemi adireshin gidaje biyu da ya yi wa aiki, waɗanda damina ta riga ta ratsa, a je a dubi silin da gindin bango, a yi magana da mai gidan ba a gabansa ba.

Idan da sunan kamfani ya zo, ana iya duba rajistarsa a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Idan aikin ya shafi rushe bango, ƙara ɗaki ko ɗora bene, wannan ya fi ƙarfin birkila shi kaɗai. Ana buƙatar injiniya mai rajista da COREN ko magini mai rajista da CORBON, da kuma izinin Sashen Kula da Gine-gine na Abuja, don kada ranar da aka gama aiki ta zama ranar da za a shafa wa bango jan fenti.

A rubuta, a biya daki-daki

Ma'aikacin da ya taɓa riƙe fayil ɗin kwangila ya san tsarin. Dokar Sayen Kayan Gwamnati, lokacin da aka kafa ta a 2007, ta taƙaita kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin 100. Abin mamaki, wanda ke kare wannan ƙa'ida a ofis shi ne zai tura wa mai gyara kuɗin aiki gaba ɗaya saboda wani abokin aiki ya ce mutumin kirki ne.

A karɓi farashi daga mutum uku, kowanne ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ya rubuta kaurin kwano da girman waya da irin fenti. A leƙa kasuwar Dei-Dei a gwada farashin. Wanda ya yi ƙasa da sauran sosai, a tuna cewa araha ba ta ado: abin da ya rage a takarda zai cire shi ne daga siminti.

Daga nan sai yarjejeniya a rubuce, da sa hannun shaidu: abin da za a yi, ranar gamawa, da biyan kuɗi bayan an duba kowane mataki. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne a riƙe wani kaso, ko da kashi 5 cikin 100 ne, har sai damina ta kankama an ga rufi bai yoyo ba. Mai aikin da ya yarda da hannunsa ba ya jayayya da wannan sharaɗi. Wanda ya ƙi, gara a rabu da shi tun kwano yana kan rufi.