Fari da Rayuwar Tsiro: Tsakanin Ƙishirwa da Yunwa

Duk wanda ya taɓa ratsa gonar masara da tsakar rana, bayan ruwan sama ya yi kwana goma bai sauka ba, ya ga yadda ganye ke naɗewa kamar tabarma. Manomi kan ce shuka ta ji ƙishirwa. Gaskiya ne, amma da sauran magana, domin a wannan lokaci shukar tana fama da yunwa ma, kuma yunwar ce ke rage abin da za a kai rumbu.

Yadda abin yake faruwa

A jikin kowane ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Masana na kiran su sitomata. Ta nan ne iskar kabon dayokzaid ke shiga, tsiro ya haɗa ta da ruwa, ya yi amfani da hasken rana ya samar da sukari, wato abincinsa. Sai dai kuma ta waɗannan ƙofofi ne ruwa ke ficewa a matsayin tururi. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ta nan yake salwanta.

Idan ƙasa ta fara bushewa, sai wani sinadari mai suna absisik asid ya yawaita a jikin tsiron, ya sa ƙofofin su rufe. Ruwa ya tsira, amma iska ta daina shiga, haɗa abinci ya ragu ƙwarai. Ga shi kuwa ƙwayoyin halittar tsiro ba sa faɗaɗa sai ruwa ya cika su, saboda haka girma shi ne abu na farko da ke tsayawa, tun kafin ganye ya yi yaushi.

Lokaci ya fi yawa muhimmanci

A Kano da kewayenta, mafi yawan ruwan shekara yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba. Abin lura shi ne, shekara biyu na iya samun ruwa daidai da juna a ma'auni, amma ɗaya ta yi albarka ɗaya ta ƙi. Bambancin yana ga lokacin da ruwan ya ɗauke.

In ya ɗauke bayan shuka, tsiro kan ƙone, manomi ya sake shuka, ya yi asarar iri da kwanaki. In kuwa ya ɗauke lokacin bununi, to nan ne babbar ɓarna. Alal misali, masarar da ta ji fari takan yi jinkirin fitar da gemu, har bununin da ke kanta ya gama zuba kafin gemun ya bayyana. Sai a sami goyo mai giɓi, ko wanda babu ƙwaya sam. 'Yan kwanaki na yaushi a wannan mataki na iya cinye kusan rabin amfanin gona.

Idan fari ya zarce shekara guda, kamar yadda aka gani a yankin Sahel a 1972 zuwa 1973, da kuma 1983 zuwa 1984, ɓarnar takan wuce gona. Ciyawa ta kasa zubar da iri, dabbobi su rasa kiwo, itatuwa su bushe, iska ta kwashe ƙasar da ta rage tsirara.

Dabarun tsirran ƙasarmu

Tsirranmu ba baƙi ba ne ga rani. Ciyayi irin su ƙarangiya sukan gama rayuwarsu cikin damina, su bar iri a ƙasa yana jiran ruwan baɗi. Kuka tana tara ruwa a gangar jikinta, ta zubar da ganye da rani. Dawa tana da wani farin kaki a kara da ganye mai rage fitar ruwa, kuma takan dakatar da girma har ruwa ya dawo. Gero kuwa da wuri yake nuna. Shi gawo juya lissafin ya yi: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, domin saiwarsa na cimma ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ganyen da ya zubar taki ne, shi ya sa geron da ke gindinsa kan fi kyau.

Abin yi

Ba mu da ikon saukar da ruwa, amma muna iya tsare wanda ya sauka. Takin gargajiya da barin karmami a gona suna riƙe laima. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin masara da dawa masu nuna da wuri. A Maraɗi kuma, tun daga 1983, manoma tare da Tony Rinaudo suka fara renon tohon kututturen itatuwa a gonakinsu maimakon sare shi. Wannan sassabin zamani ya mayar da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar.

Ga malamai da ɗalibai, ga gwaji mai sauƙi. A ɗaura farar leda a kan reshe mai ganye da safe, a dawo da la'asar. Ɗigon ruwan da za a tarar a ciki shi ne farashin da tsiro ke biya kullum domin ya ci abinci, mu ma mu ci.